Yunwa da Ƙoshi: Abin da Binciken Likitoci Ya Gano a kan Girelin, Ɗan Aiken Ciki

Duk wanda ya taɓa raka yaro ramamme zuwa gidan likita, a Karakara ko Junju ko Gaya, ya ga wani abu da yakan ba mutane mamaki. Bayan an ɗora yaron a sikeli, an zagaya dantsensa da ma'aunin nan mai launi uku, an danna ƙafafunsa don a ga ko akwai kumburi, sai ma'aikaciyar lafiya ta ɗauko ƙunshi ɗaya na abincin tamowa ta miƙa wa uwar, ta ce ta koma gefe ta ba shi. Abin da ake jira a gani shi ne, zai ci ko ba zai ci ba? Amsar wannan tambaya tana cikin manyan abubuwan da ake dubawa kafin a yanke shawarar ko yaron zai koma gida tare da uwarsa, ko kuwa za a kwantar da shi.

Iyaye da dama sukan ɗauka rashin kayan aiki ne ya sa ake yin haka. Alhali kuwa gwaji ne mai tushe, kuma binciken da likitoci suka yi daga 1999 zuwa yau a kan yadda ciki yake aika saƙo zuwa ƙwaƙwalwa ya ƙara fito da hikimarsa. Wannan shafi zai yi muku bayanin binciken, musamman a kan wani sinadari mai suna girelin, sa'an nan ya komo da ku wurin yaron da uwarsa. Akwai baƙin sunaye kaɗan a ciki. Kada su tsorata ku, ku karanta su gaɓa-gaɓa kamar yadda aka koya muku a aji.

Jiki yana da ƴan aike

Kafin zuwan wayar salula, idan mai gari yana da magana da sarki, ɗan aike yake tashi. Haka gaɓoɓin jikin ɗan Adam suke yi. Wata gaɓa takan haɗa wani sinadari ta zuba shi cikin jini, jini ya ɗauke shi ya kai wa wata gaɓa mai nisa, ita kuma ta karɓi saƙon ta yi aiki da shi. Likitoci suna kiran irin wannan sinadari homon. Wanda aka fi jin sunansa a cikinsu shi ne insulin, wanda ƙarancinsa ko rauninsa yake kawo ciwon suga.

Homon na farko da aka gano a duniya daga hanji ya fito. A 1902 wasu masana biyu a birnin Landan, William Bayliss da Ernest Starling, suka nuna cewa idan ruwan tsamin tumbi ya gangara cikin ƙaramin hanji, hanjin yana sakin wani sinadari cikin jini, wanda yake umartar wata gaɓa ta zubo ruwan narkar da abinci. Tun daga nan aka gane cewa ciki yana da baki a cikin sha'anin jiki, ya wuce buhun da ake ɗura wa abinci kawai.

Wurin da saƙon yunwa da na ƙoshi suke sauka wani ɗan yanki ne a gindin ƙwaƙwalwa, wanda girmansa bai fi ƙwallon dabino ba. Shi ne kuma yake lura da ƙishirwa da zafin jiki. Saƙo yana isa gare shi ta hanya biyu: ta cikin jini, da ta wata doguwar jijiya da ta haɗa ƙwaƙwalwa da kayan ciki.

Yadda aka gano girelin

A watan Disamba na 1999 wasu masana na ƙasar Japan, Masayasu Kojima da Kenji Kangawa da abokan aikinsu, suka ba da sanarwar gano wani sabon homon. Ba maganar yunwa suke bincike ba. Suna neman abin da yake sa jiki ya saki sinadarin girma ne, kuma an fi zaton a ƙwaƙwalwa za a same shi. Sai ga shi a tumbin ɓera. Suka raɗa masa suna girelin, daga wata tsohuwar kalma mai ma'anar girma. Dacewa ce kawai ta sa sunan ya yi kama da kalmarmu ta Hausa, amma za ta taimaka muku wajen tunawa da shi.

A 2000 da 2001 aka lura cewa ɓerayen da ake yi wa allurar girelin suna ƙara ci, suna kuma tara kitse. Sauran ƴan aiken ciki da aka sani kafin wannan lokaci duk masu cewa "ya isa" ne. Wannan shi ne na farko mai cewa "a kawo abinci". Amma ɓera ba mutum ba ne, saboda haka sai da aka koma kan mutane.

Gwaji a jikin mutane

A birnin Siyatil na Amurka, likita David Cummings ya tara mutum 10 masu lafiya, aka riƙa ɗibar jininsu kaɗan-kaɗan har sau 38 a cikin kwana ɗaya, dare da rana. Sakamakon ya fito a 2001. Girelin yana hawa har ya kusan ninkawa gab da lokacin kowane abinci, da safe da rana da dare, sa'an nan ya faɗi ƙasa cikin awa guda bayan an ci. Wato abin nan da muke ji yana tsungulin ciki idan lokacin kalaci ya gabato, yana da sawu a cikin jini wanda ake iya aunawa.

Sai dai ganin abu biyu suna tafiya tare bai nuna ɗaya ne yake jan ɗaya ba. Domin a warware wannan, a shekarar dai ta 2001, likita Alison Wren da abokan aikinta a asibitin Hammersmith na Landan suka yi wani gwaji da mutum 9. Kowane ɗayansu ya zo sau biyu. Wata rana a sa masa girelin ta jijiya, wata rana a sa masa ruwan gishiri wanda babu magani a ciki. Shi bai san wanne aka sa masa ba, mai lura da shi ma bai sani ba. Daga nan a ajiye masa abinci mai yawa a ce ya ci iyakar son ransa, a auna abin da ya rage. A ranar girelin, kowane ɗaya daga cikin mutum 9 ɗin ya ci fiye da na ranar ruwan gishiri. Idan aka haɗa lissafi, ƙarin ya kai kashi 28 cikin 100.

Ku tsaya a nan ku lura da dabarar, domin da ita ake bambanta bincike da tallar mai magani a kasuwa. Idan aka ce wa mutum "ga maganin cin abinci", ko ruwa aka ba shi yana iya ƙara loma, saboda zuciya ta riga ta yarda. Mai binciken ma, idan ya san wanda ya samu magani, idonsa zai fi ganin abin da yake fata. Shi ya sa ake ɓoye wa kowa, a kuma kwatanta da ranar da ba a ba da komai ba. Mai talla zai kawo muku labarin mutum goma da suka sha suka ji daɗi. Ba zai taɓa kawo muku labarin waɗanda ba su sha ba suka warke, ko waɗanda suka sha suka cutu.

Ana yin bincike irin na asibiti a ƙasarmu ma, a kan tamowa da zazzaɓin sauro da alluran rigakafi, kuma wata rana ana iya neman ku ko ɗanku ku shiga. Ku san haƙƙinku. Wajibi ne a yi muku bayani da harshen da kuke ji: mene ne ake gwadawa, wace illa ake tsoro, kwana nawa za a yi. Kuna da ikon ƙi, kuna da ikon fita a tsakiya, kuma ƙin shiga bai hana a yi muku magani ba. Kada ku sa hannu ko ku dangwala yatsa a takardar da ba ku karanta ba, ko ba a karanta muku ita a gaban shaidar da kuka amince da shi ba. Rikicin da ya biyo bayan gwajin maganin Trovan a kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996, wanda aka yi shekaru ana shari'arsa, maganar izinin iyaye tana cikin tushensa.

Masu cewa "ya isa"

Girelin daga tumbi yake fitowa. Can ƙasa kuma, a ƙarshen ƙaramin hanji da cikin babban hanji, akwai waɗansu ƴan aike biyu da suke tashi bayan an ci abinci. Sunayensu haruffa ne: PYY da GLP-1. A 2003 likita Rachel Batterham a Landan ta sa wa mutum 24 PYY ta jijiya, 12 masu ƙiba, 12 marasa ƙiba, ta bin dabarar nan ta ruwan gishiri. Dukkansu biyun, abin da suka ci ya ragu da kusan kashi 30 cikin 100. Shi kuwa GLP-1, ban da rage sha'awar abinci, yana sa tumbi ya jinkirta sakin abin da ke cikinsa, yana kuma taimakon jiki wajen fitar da insulin.

Akwai na huɗu da ya kamata ku riƙe sunansa, domin za mu sake haɗuwa da shi. Shi ne leftin, wanda Jeffrey Friedman ya gano a birnin Niyok a 1994. Shi ba daga ciki yake fitowa ba, daga kitsen jiki yake fitowa. Idan girelin yana kawo labarin tukunya, ko akwai tuwo a cikinta yau ko babu, leftin labarin rumbu yake kawowa: nawa ya rage a ajiye. Mai kitse da yawa leftin ɗinsa yana da yawa, wanda ya rame ƙwarai nasa yana ƙasa.

Saƙon ƙoshi ba ya isa nan take. PYY yana fara hawa bayan kamar minti 15 da fara ci, kuma sai bayan awa ɗaya ko biyu yake kai ƙololuwa. Mai ci da gaggawa yakan wuce iyakarsa kafin ɗan aiken ya iso.

Abubuwan da suke tayar da girelin da masu kwantar da shi

Na farko sabo. An gwada mutanen da suka wuni suka kwana ba su ci komai ba, aka tarar girelin ɗinsu yana hawa daidai lokutan da suka saba cin abinci, sa'an nan ya sauka da kansa ko da ba a ci ba. Mai azumi ya san wannan a jikinsa: yunwa takan taso da hantsi ko da azahar ta matsa, sa'an nan ta lafa. Hausawa suna cewa "yunwa, a ba ki a huta", amma ga alama ko ba a ba ta ba takan ɗan huta, ta dawo daga baya.

Na biyu barci. A 2004 a birnin Cikago aka sa samari 12 su yi barcin awa 4 kawai dare biyu a jere, a wani karon kuma aka bar su awa 10 a shimfiɗa. Bayan gajeren barcin, girelin ya hau da kashi 28 cikin 100, leftin ya sauka da kashi 18, samarin kuma suka ce sun fi jin yunwa, musamman ta kayan zaƙi da na gari.

Na uku irin abincin, kuma a nan ne maganar ta fi shafar gidajenmu. Cika ciki da ruwa ba ya saukar da girelin, sai abin da yake ɗauke da ƙarfi. A wani gwaji da aka buga a 2008 an ba mutane abin sha iri uku mai ƙarfi daidai wa daida. Mai sinadarin gina tsoka, irin wanda ake samu a wake da nono da kifi da ƙwai da nama da ƙuli-ƙuli, shi ya fi danne girelin, ya kuma fi daɗewa yana danne shi. Mai suga ya saukar da shi da sauri, amma bayan kamar awa uku ya dawo har ya zarce inda yake da farko. Manomin da ya fita gona da koko zalla da suga, ko ya tsaya ga raken fadama, ya san yadda yunwa take dawo masa tun rana ba ta take ba. Idan aka haɗa kokon da ƙosai, ko aka dama fura da nono mai kauri, ko aka barbaɗa garin ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, aikin yakan fi nisa.

Wannan ya fi muhimmanci ga ƙananan yara. Tumbin yaro ɗan shekara ɗaya ƙarami ne, abin da yake ɗauka a zama ɗaya bai fi cikin kofin shayi babba ba. A lokacin da hatsi ya yi ƙasa a rumbu, daga farkon damina zuwa kaka, akan tsinka fura da kunu da ruwa don su ishi kowa. Cikin yaron zai cika ya ture ludayi, uwa ta ɗauka ya ƙoshi, alhali ruwa ya sha. Gara kunu kaɗan mai kauri, da garin gyada ko na wake ko ɗan mai a ciki, a ba shi sau da yawa a yini, tare da nonon uwa.

Na huɗu rama. Da farko an zaci masu ƙiba girelin ne ya yi musu yawa. Da aka auna, sai aka tarar nasu ya fi na marasa ƙiba ƙanƙanta. Amma da zarar mutum ya fara ramewa, sai ya hau. A 2002 Cummings ya bi mutum 13 masu ƙiba da suka rage ci har wata 6. Nauyinsu ya ragu da kashi 17 cikin 100, girelin ɗinsu ya ƙaru da kashi 24. Wani bincike a ƙasar Ostareliya a 2011 ya nuna ko bayan shekara guda bai koma yadda yake ba. Jiki yana ɗaukar rama a matsayin fari, sai ya dage da neman abinci. Saboda haka idan mai ciwon suga ko hawan jini ya rage ƙiba bisa shawarar likita, ya ga yunwa ta addabe shi, kada iyalinsa su ce masa rago ko makwaɗaici. Su taimake shi da irin abincin da yake riƙe ciki.

Maganar magunguna

Da aka gano waɗannan ƴan aike, an yi fatan za a samu maganin da zai buɗe ci ga marar lafiya, da wanda zai rufe shi ga mai ƙiba. Ta ɓangaren buɗewa, nasarar kaɗan ce. A 2004 an sa wa masu ciwon daji 7 da suka daina son abinci girelin, cinsu ya ƙaru da kashi 31 cikin 100. Daga baya aka haɗa ƙwaya mai suna anamorelin da take kwaikwayonsa. A manyan gwaje-gwaje masu shanta sun ƙara nauyi, amma ƙarfin damƙar hannunsu bai ƙaru ba. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta ƙi amincewa da ita a 2017, Japan kuwa ta amince a 2021, don wasu masu ciwon daji kawai.

Ta ɓangaren rufewa, toshe girelin bai haifar da magani ba. GLP-1 ne ya ba da hanya. Maganin farko mai kwaikwayonsa ya fito a Amurka a 2005 don ciwon suga, kuma asalinsa daga dafin wani ƙadangare na hamadar Amurka aka samo shi. Wanda ya fi shahara shi ne semagulutayid, da ake sayarwa da sunan Ozempic da Wegovy. A gwajin da aka buga a 2021, mai mutum 1,961, waɗanda suka yi allurarsa mako-mako har mako 68 sun rage kusan kashi 15 cikin 100 na nauyinsu, waɗanda aka yi wa allurar da ba magani a ciki kuwa kashi 2 da ɗoriya. Yana kawo tashin zuciya da amai da gudawa ga mutane da yawa, yana da tsada ƙwarai, kuma waɗanda suka daina, cikin shekara guda kashi biyu cikin uku na nauyin ya dawo musu. A 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi cewa an kama jabunsa a wasu ƙasashe. Duk wanda ya tallata muku shi a waya ko a kasuwa, ku juya masa baya.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne ƙwayoyin ƙiba, waɗanda wasu suke kira "sha ka fashe", da ake samu a tiren masu yawo da kasuwannin kan iyaka. Mata da ƴan mata suna sha don su yi jiki, wasu iyaye ma suna ba yaron da ya ƙi abinci. Yawanci iri biyu ne. Ɗaya siproheptadin, maganin ƙaiƙayi da borin jini, mai sa barci da ƙarin ci. Ɗayan deksametazon, magani mai ƙarfi da likita yake bayarwa a ƙididdige don wasu cututtuka. Wanda ya daɗe yana shansa fuskarsa takan kumbura ta yi zagaye, ciki ya yi tulu, hannuwa da ƙafafu su sirance. Yana tayar da suga da hawan jini, yana raunana ƙashi, yana kuma karya garkuwar jiki. Idan kun daɗe kuna shansa, kada ku yanke shi rana ɗaya, domin hakan ma haɗari ne. Ku je wurin likita da kwalin, a rage muku shi sannu a hankali.

Yaron da ya ƙi ci

Yanzu mu koma gidan likita. Bisa abin da muka karanta, yaron da ya rame ƙwarai ya kamata girelin ɗinsa ya hau, ya riƙa wawurar abinci. Yara da yawa masu tamowa haka suke. To, me ya sa wasu suke kau da kai, su rufe baki, ko kuka ba su da ƙarfin yi?

An duba wannan a asibitin Mulago na birnin Kamfala, a ƙasar Yuganda, inda aka auna jinin yara fiye da 70 masu tamowa mai tsanani, aka buga sakamakon a 2014. Ranar da aka kawo su, girelin ɗinsu yana sama kamar yadda aka zata. Amma PYY da GLP-1, masu cewa "ya isa", su ma suna sama, tare da alamun jiki yana fama da cuta. Wato saƙonni biyu masu karo da juna suna isa ƙwaƙwalwa a lokaci guda. Leftin kuwa yana ƙasa, kuma yaran da nasu ya fi yin ƙasa, waɗanda rumbun jikinsu ya ƙare, su ne suka fi mutuwa. Da aka yi ta ciyar da yaran suka fara murmurewa, sai girelin da PYY da GLP-1 suka sauka, leftin ya hau.

Ga abin da ya sa ƙin cin ramammen yaro yake tayar wa ma'aikatan lafiya hankali. Jikin irin wannan yaro ya yi rauni har ba ya nuna cuta yadda aka saba gani. Yana iya ɗauke da ciwon huhu ko cuta a cikin jini ba tare da jikinsa ya yi zafi ba. Sau da yawa alamar da take rage ita ce mutuwar sha'awar abinci. Babu gidan likitan ƙauye da yake auna girelin, kuma ba a bukata. Bakin yaron shi ne ma'auni.

Ga yadda ake gwajin. Uwa za ta wanke hannunta da na yaron da sabulu, ta zauna da shi a cinya a wuri marar hayaniya, ta riƙa ba shi abincin kaɗan-kaɗan tana lallashi, ga ruwa mai tsabta a kofi, domin abincin yana sa ƙishirwa. Ba a ɗura, ba a tsawa. Akan ba shi rabin awa, wani lokaci har awa guda. Ƙunshi ɗaya giram 92 ne, kuma akwai jadawalin abin da ake so yaro ya ci gwargwadon nauyinsa. Misali, mai kilo 7 zuwa 10 ana so ya ci aƙalla sulusin ƙunshin. Idan ya ci, kuma ba a ga wata cuta mai tsanani ko kumburi mai yawa ba, za a ba ku abincin mako guda da magani ku koma gida, ku dawo kowane mako. A takardun likita ana rubuta wannan sashe CRENAS. Idan bai ci ba, za a tura ku sashen kwanciya na babban asibiti, wanda ake rubutawa CRENI. Can za a fara da wata madara marar nauyi mai suna F-75, kaɗan-kaɗan dare da rana, ta bututun hanci idan ya ƙi sha, ana kuma yaƙar cutar da take ɓoye. Dawowar sha'awar abinci ita ce alamar da likita yake jira kafin ya ƙara masa abinci mai ƙarfi.

Wannan tsari a ƙasarmu aka fara gwada shi a kan yara masu yawan gaske. Abincin gyadar nan, Plumpy'Nut, an ƙirƙiro shi a Faransa a 1996. A yunwar 2005, ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi. Da a ce kowane yaro sai an kwantar da shi, babu asibitin da zai ɗauke su. Saboda ana rarrabe masu ci da marasa ci, mafi yawansu a gida aka yi jinyarsu, kuma a Maraɗi fiye da 9 cikin 10 sun warke.

Akwai wani abu da ake yi wanda ya kamata a faɗa a fili. Kwanciya a asibiti nauyi ce, balle da damina: ga noma, ga sauran yara a gida, ga kuɗin mota da na abincin mai jinya. Saboda haka wata uwar takan lashe abincin da kanta idan ma'aikaciya ta juya baya, ko ta miƙa wa yayan yaron, ko ta ɓoye a zane, ta ce ya ci. Ba mugunta ce take sa ta ba, tsoron abin da za ta tarar a gida ne. Amma yaron da aka mayar gida da ƙunshin da ba zai ci ba, yana ɗauke da cutar da ba a gani, shi ne ake dawowa da shi bayan kwana uku a galabaice, wani lokaci a makare. A nan nauyin yana kan maigida. Tun kafin su fita, ya gaya wa matarsa cewa idan an ce a kwanta, a kwanta, shi zai ji da gona da yara, ya nemi kaka ko gwaggo ta riƙe gida.

Kuna iya lura tun daga gida. A ƙasar Mirriya ta jihar Damagaram an koya wa iyaye mata auna dantsen ƴaƴansu da kansu, aka tarar awonsu bai gaza na ma'aikatan ƙauye ba. Ku nemi ma'aunin a gidan likita a nuna muku. Ana amfani da shi ga yaro daga wata 6 zuwa shekara 5, a tsakiyar dantse, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, ba a matse ba a saki. Idan ya nuna ja, wato ƙasa da milimita 115, ko kuka danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa kuka ƙirga uku kuka ga rami ya zauna, ku kai shi a ranar. Idan ya nuna rawaya, ku kai shi cikin makon. Idan kuma yaro ya ƙi nono ko ya kasa shan komai, ko yana amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko ya yi laushi ba ya kula kowa, kada ku jira ma'auni, kada ku jira ranar kasuwa don samun mota. Idan kun isa, ku gaya wa ma'aikaciya tun yaushe ya daina ci, mene ne na ƙarshe da ya ci, da duk wani magani ko jiƙo da aka ba shi, ku kuma tafi da kwalin ko kwalbar a hannu.